Wa Ya Fara Tuƙa Safar Fagge?

Malam Hambali, don Allah ka taimake ni. Ranar Litinin, 4 ga Maris, 1957, da misalin ƙarfe goma na safe, ina zaune a ofishin kamfanin motocin safa na hukumar gari, inda na kama aikin akawu bayan na gama makaranta a bara, manaja ya kira ni. Ya ce kamfani zai cika shekara biyar kafin azumi, in rubuta ɗan tarihinsa da za a karanta a wajen biki. Ya ƙara da cewa duk wanda tarihin ya nuna shi ne direban farko, shi zai tuƙa motar da za a yi wa ado ta shige gaba. Na yi murna, don ban san abin da na ɗauko ba.

Direbobi biyu ne ke iƙirari. Ɗaya Kawu Goni, yayan mahaifiyata, wanda a gidansa na Fagge nake kwana nake ci. Ɗayan Boniface na Sabon Gari, wanda ya tsaya mini har aka ɗauke ni aiki.

Ga abin da na tabbatar. A jirgin ƙasa motar farko ta zo. Boniface ne ya sauko da ita daga tarago ya kai ta gareji a Fagge, a hanya kuma ya rage wa wata mata mai kwandon doya hanya, ba tikiti. Washegari Kawu ya fita da ita zuwa Kasuwar Sabon Gari da fasinjoji masu tikiti, ko da yake yawancinsu 'yan gidanmu ne, don mutane sun tsaya kallo sun ƙi shiga.

Kawu ya ce yaron da ya jawo doki daga kasuwa ba shi ne mahayi ba. Boniface ya ce Kawu da ɗumin kujerarsa ya tarar. Da, tare suke shan shayi a gindin darbejiyar gareji. Yanzu kowa da bencinsa. Inna Yakaka, matar Kawu, ta daina tambayata ko na ƙoshi. Adaeze kuwa, matar Boniface, kullum sai ta aiko mini da soyayyar doya, ni kuma ina ci, kunya ta hana ni mayarwa.

Abin da har yau ban sani ba: sunan matar nan mai doya, ko wanda bai yanki tikiti ba ana kiransa fasinja, da kuma inda zan kai tabarmata in Kawu ya ji sunan wani a gaban jama'a.

Naka,
Akawu Mai Fargaba, Fagge

Ɗana Akawu, kwantar da hankalinka. Binciken da ka yi ya isa, ka bar neman mai doya.

Kowannensu yana da gaskiya. Mota ba ta tashi sama daga tasha ta sauka a gareji ba, Boniface ne ya kawo ta. Amma kamfanin safa aikinsa ɗaukar jama'a, kuma Kawunka ne ya buɗe wannan aiki, ko da dangi ya cika ta. Ka rubuta haka, kowa da ranarsa da abin da ya yi. Kalmar "na farko" ba ta zama dole ba.

Zaɓen mai tuƙa motar biki kuwa aikin manaja ne, ya ga sabon yaro ya ɗora masa. Ka koma cikin ladabi ka ba shi shawara: Boniface ya ɗauko ta daga tasha zuwa Fagge, Kawu ya karɓa ya kai ta Sabon Gari, yadda aka yi tun asali.

Doyar Adaeze ka dakata da ita sai bayan biki, ka yi mata godiya mai kyau.

Abu mafi muhimmanci, kada Kawunka ya fara jin tarihin nan a bainar jama'a. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka same shi a zaure, ka durƙusa ka karanta masa da bakinka, ka ce gyaransa kake nema. Zai yi faɗa, ka bar shi ya gama. Dattijon da aka fara zuwa wurinsa ba ya korar ɗan ƙanwarsa.

Allah ya sa a yi biki lafiya, ya yi wa aikinka albarka.

Malam Hambali