Ashe Ba Masallaci Ba Ne

Al-Shifa, Riyad
18 ga Yuli, 2017

Zuwa ga Hansai, hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake tunawa duk sa'ad da ranar Riyad ta tasam ma dafa mini ƙwaƙwalwa. Ruwan randar da duk firjin ƙasar nan ba su kai shi daɗi ba. Uwar Ummi, wadda ta yarda da Isiyaku tun ba shi da komai sai keke da surutu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, ina gaida Ummi, ina gaida wanda ke kwance a cikinki yana shure-shure. Ki yi haƙuri, gaisuwar yau gajera ce, don sauri nake. In kin ga rubutun ya karkace, ba a cikin mota na yi shi ba, a zaune nake a ɗakina na bakin get. Abokina Jibrin zai kawo miki takardar hannu da hannu, jibi jirginsa zai tashi. Na ƙi faɗa miki a waya ne don na san halinki: za ki ce "To, Malam," ki yi 'yar dariyar nan taki, zancen ya bi iska. Takarda kuwa za ta zauna a gabanki har sai kin gama da ita.

Ɗaga kanki yanzu ki dubi bangon da ke saman gadonmu. Kin ga dardumar nan ta karammiski, mai hoton farin gini da ƙubba da hasumiya huɗu, ga ruwa kwance a gabansa? A kasuwar Utaiƙa ta nan Riyad na saye ta shekara huɗu da suka wuce. Na tambayi mai shagon, "Masjid?" Ko kallona bai yi ba ya ce, "Aiwa, aiwa, masjid, yalla." Kin tuna ranar da muka kafa ta? Ni a kan turmi da guduma, ke kin riƙe mini ƙusoshi kina cewa ta karkace hagu. Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo. Wata ta ce Madina ne, Inna mahaifiyarki ta ce Baitul Muƙaddasi ne, har ta shafa ta shafe fuska. Ni kuma ɗan Saudiyya, gwanin sani, na gyara murya na ce a'a, wani masallaci ne a ƙasar Sham. Da aka watse na matso kusa da kunnenki na ce, in Allah ya hore mini, irin wannan zan gina miki. Kika ture ni kika ce in fara toshe yoyon kusurwar nan, kin gaji da tara roba.

Hansai, ba masallaci ba ne. Kabari ne! Kabarin mace ne na rataya miki a saman kai, na kuma yi miki alkawarin irinsa da bakina! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau kwana bakwai ke nan, abinci sai dai in tura shi don dole.

Kin san an tafi da ni Indiya, tunda ni ke ɗaga Shaiba, tsohon nan mahaifin kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, ni ke tura kekensa, ga shi za a yi masa aikin gwiwa a Delhi. Abin da ban gaya miki ba shi ne abin da ya faru ran Talatar da ta wuce. Da asibiti ya sallame mu, kafili ya ɗauko mota tamu mu kaɗai, da direba da ɗan jagora, a kai tsoho garin Agra ya ga gine-ginen sarakunan Mughal ya huce gajiyar jinya. Shekara tara ina jan mota a Riyad, ran nan ne aka fara ja ina zaune kamar wani alhaji, ƙafata tana ta taka birkin da babu shi duk lokacin da saniya ta ratso titi. Ɗan jagoran Musulmi ne, sunansa Kamil, Larabcinsa tas kamar na mai huɗuba. Tun daga Delhi yake zuba labari, ni kuwa rabin kunne na ba shi, sauran yana Malumfashi wajenki.

Ba a barin mota mai hayaƙi ta kusanci wurin, sai aka ɗauke mu a wata 'yar mota mai batir har bakin wata jar ƙofa mai tsawon gaske. Ina tura keke, kaina a ƙasa ina lura da matakala. Da muka shiga duhun zauren na ɗago ido, sai ga bangon ɗakinmu tsaye a gabana! Ƙubbar, hasumiyoyin, ruwan, har bishiyoyin nan masu tsini da Ummi ke ƙirgawa da yatsa. Sakin keken na yi, saura ƙiris Shaiba ya gangara da sabuwar gwiwarsa. Da Hausa na yi ihu a tsakiyar Turawa, na ce ga masallacin Hansai! Wayyo, da kin ga murnata. Na kama hannun Kamil na ce ya nuna mini wurin alwala, zan shiga in yi raka'a biyu in roƙa wa matata sauka lafiya.

Ya tsaya yana kallona. Sannan ya nuna mini wani jan gini can gefe ya ce wancan ne masallacin. Farin kuwa, wanda ake kira Taj Mahal, ba a salla a cikinsa. Wani sarki ne ya gina shi a kan matarsa. Na ce me ya kashe ta? Ya ce haihuwa.

Haihuwa, Hansai! Da tsohon ciki ta bi mijinta sansanin yaƙi, nesa da gida. Naƙuda ta riƙe ta kwana da wuni har da ɗori, jaririyar ta fito da rai, jini kuwa ya ƙi tsayawa. Ko arba'in ba ta cika ba. Matar sarkin da ke da giwaye da dawaki da taskokin zinariya! Mutum dubu ashirin suka yi ta sassaƙa dutse sama da shekara ashirin, suka dasa furannin duwatsu masu launi a jikin bango, suka rubuta ayoyi tun daga ƙasa har inda ido ke gajiya. Duk wannan, ya ƙara mata numfashi ɗaya? Ya mayar wa jaririyar nan nonon uwarta?

Na zauna a gefen ruwan. Ko'ina ango da amarya ne riƙe da hannu, ana murmushi ana ɗaukar hoto, ana cewa ga ginin soyayya. Ni kuwa yatsuna nake lanƙwasawa: wata bakwai, saura biyu. Muka bar Shaiba da ɗansa a inuwa, aka ba ni wata 'yar jaka na sa wa takalmina, na bi Kamil ciki. Wurin duhu-duhu, da sanyi kamar bakin rijiya. Wani ya ɗaga murya sau ɗaya, ƙubbar ta kama muryar ta yi ta juya ta a sama, ta ƙi sakinta. A nan tsigar jikina ta tashi, don muryar da na tuna ita ce taki, wadda ba wanda ya ji ranar haihuwar Ummi.

Tun asuba ciwo ya kama ki a gidan Inna, kika ƙi faɗa. Kika yi shara, kika dama koko, kika cije leɓe har ya fashe, don kada a ce 'yar gidan ba ta da kunya, ba ta da dauriya. Sai bayan la'asar aka same ki durƙushe a bayan ɗaki, yarinya a ƙasa, zaninki jiƙe sharkaf. A amalanke aka kai ki bakin titi. Leda uku na jini aka ƙara miki, malamar asibiti ta ce saura kaɗan, ta kuma ce haihuwa ta gaba kada a kuskura a yi ta a gida. Ni fa, me na yi? Na zauna a kasuwar Aziziya ta nan Riyad cikin 'yan uwa masu sauke kwalayen tumatir, ina shan shayi ina buga ƙirji: matata ko uhum ba ta ce ba! Aka yi ta cewa ka yi dace, Isiyaku. Ashe da bakin kabarinki nake alfahari ban sani ba.

Ban tsaya nan ba. Watan jiya kika ce mini a waya, a hankali kamar mai roƙon gishiri, ko in zauna wajen Yaya Sauda in lokaci ya yi, tunda gidanta na kusa da asibiti? Ina sauri zan ɗauko yara daga makaranta na ce ki bi abin da Inna ta ce, ki je ƙauye wajenta ki haihu, ita ta haife ki, ta fi mu sani. Kika ce, "To, Malam." Kaicona! Ƙauyen da in rafin nan ya kawo a watan Satumba ko babur ba ya ƙetarawa sai ruwa ya janye! Can na tura ki, ke da na ce ina so fiye da idona. Na sani ƙyalle ba ya kashe mutum, ajali na hannun Allah. Ba dardumar ke hana ni cin abinci ba, wannan "To, Malam" ɗin ce.

Bayan azahar Kamil ya kai mu wata babbar ganuwa ta jan dutse, fadar sarakunan. Ya tsayar da mu a wata taga ya ce a nan sarkin ya ƙare, ɗansa ya tsare shi shekara takwas, ba abin da yake yi sai hangen farin ginin can a bakin kogi. Na leƙa. Daga nan ɗan ƙarami ne, daidai girman na bangonmu. Ya Rabbi! Ni ma haka zan ƙare? A ɗakin bakin get, da iƙama, katin zaman ƙasa, a aljihu, ina kallon hotonki a waya? Shaiba ya ga ina goge fuska da hula ya ce, "Esh fik, ya Ishaƙ?" wato me ya same ni. Na gaya masa duka. Can ya ce shi bai taɓa ganin mahaifiyarsa ba, a cikin tanti ta rasu ranar da ta haife shi, yau shekara tamanin da ɗaya. Ya buga mini sandarsa a ƙafa ya ce in tafi wajen iyalina.

Amma tsoho ba shi ke sa hannu ba. Da muka dawo Riyad na nemi hutu wajen kafili, ya ce "Ba'dain, insha Allah," wanda a garin nan yana iya zama gobe, yana iya zama baɗi. Shekara tara ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, shekaranjiya na dube shi. Na ce ya zaɓa: ko izinin tafiya da dawowa, ko na tafiya gaba ɗaya, ya nemi wani direban. Har yanzu bai ba ni amsa ba, fasfona yana cikin durowarsa. Shaiba dai ya rantse ba zai karɓi gahawa daga hannun ɗansa ba sai an sallame ni, gidan ya yi tsit. Ina sa rai, amma kada ki jira ni. Ciki ba ya jiran biza.

Don haka ga roƙona, ya sanyin idona, ina durƙushe nake yin sa. Ranar da takardar nan ta same ki, ki haɗa kayanki da na Ummi ki koma gidan Yaya Sauda, na riga na yi magana da ita ta share miki ɗaki. Inna kuma ki bar ni da ita. Ni zan kira ta in ba ta haƙuri, in ce laifina ne, umarnina ne. In za ta yi fushi ta yi da surukinta, ta zo ta zauna tare da ku a yi wankan jegon a gari. Dardumar kuwa ki sa a sauko da ita, kada ki hau turmi da kanki. Ki shanya kuɓewa a kai, ta fi amfani a nan.

Sai babban roƙon, wanda na san ya fi duka yi miki nauyi. In ciwo ya fara, ko kaɗan ne, ko kina shakkar shi ne, ki faɗa. Ki tashi Sauda, ki tashi maƙwabta. Ki yi ihu, Hansai! Ki yi ihun da za a ji har bakin kasuwa! Duk matar da ta ce ba ki da kunya a turo ta wajena, ni na ce ki yi. Kunyar da kika yi mini ta isa, ta kusa mayar da Ummi marainiya tun ba ta sha nono ba. Me zan yi da yabon mutane in babu mai ce mini hulata ta karkace? Wa zai yi mini dariya in na cika baki?

Na janye alkawarin da na raɗa miki ran nan, Allah ya shafe shi daga bakina. Ba zan gina miki komai da farin dutse ba. Kwano biyu zan saya da ƙusa, in hau in toshe yoyon kusurwar nan, ke kina ƙasa da jariri a baya kina ce mini ban iya ba. Mu tsufa a ɗakin nan, haƙoranmu su zube, jikoki su riƙa yi mana tsiya. In tafiyar ta zo, ina roƙon Allah ni in riga ki.

Naki ne ni jiya da yau, naki ne har ranar da za a mayar da ni ƙasa, babu wata kafin ke babu wata bayanki. Ki shafa mini kan Ummi.

Mijinki da ke jiran jin ihunki,
Isiyaku