Ranar da Shanu Suka Fito da Mu Daga Kogin Weme

Zuwa ga Alhaji, mai gidan man da ke bakin hanyar Djougou in an fita daga Parakou.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ban ambaci sunanka ba don ba tozarta ka nake nufi ba. Na je gidan man ban same ka ba, na aika ban ji amsa ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Ni ce Hajiya Rakiya ta unguwar Guéma, mai sayar da wagashi, cukun nan na Fulani. Tun ina budurwa nake sarinsa daga matan rugagen da ke ƙetaren kogin Weme, wajen Bétérou. Duk damina idan ruwa ya cika sai ciniki ya tsaya, nono ya lalace a hannunsu, ni kuma in zauna babu abin yi. Bana na sayar da filin da na gada a Djougou, na sayi kwale-kwale sabo fil da injinsa. Ƙanen mijina Ɗanladi, wanda ya taɓa aikin fito a Malanville, shi ne matuƙi.

Na farko. Ɗanladi ya so mu sayi kpayo, man kwalbar nan na bakin titi, don ya fi araha. Na ƙi. Na ce sabon inji ba zai fara da man da ba a san asalinsa ba. Wurinka muka zo da sababbin bido, wato jarkoki, a gabana aka cika su da lisansi, wato fetur, daga famfo, aka rufe, ba a sake buɗewa ba sai a bakin kogi.

Na biyu, shi ne abin da nake so ka karanta a hankali. Da hantsi muka ƙetare lafiya, muka ɗauki kaya. A dawowa muna tare da Inna Wuro, dattijuwar da na fi daɗewa ina ciniki da ita, da surukarta mai goyo. Muna kai tsakiya inji ya yi tari, ya sake tari, ya mutu. Ɗanladi ya ja igiyar tayar da injin har tafinsa ya fashe. Ya zura gora, ba ta taɓa ƙasa ba. Ya ɗauki filafili, ruwa ya juya mu kamar ƙwarya.

Alhaji, ni 'yar gari ce, ruwan da na sani shi ne na rijiya da na famfo. Sai da ƙarar inji ta ɗauke na ji muryar kogin, wani gurnani mai zurfi da ake ji a ƙirji kafin kunne. Bishiya guda da saiwoyinta ta wuce mu, tsuntsaye na zaune a kanta. Gaɓa tana gudu baya. Ɗanladi ya ce in muka wuce kwanar da ke gaba akwai duwatsu. Na kama salati. Ban taɓa sanin ƙanƙantata ba sai ranar.

Muna shan kwanar sai na ga abin da har in mutu ba zan manta ba. Makiyaya ne ke ƙetare da garke. Ba ka ganin jikin shanun, ƙahoni ne kawai da hanci a saman ruwa, jere daga wannan gaɓa zuwa waccan, kamar busasshen daji ne ya tashi yana tafiya. Na rufe ido ina jiran mu kife a cikinsu. Sai na ji kwale-kwalen ya ci karo da wani abu mai taushi, ya rage gudu. Na buɗe ido na ga wani farin bijimi dab da gwiwata, hucinsa mai ɗumi yana bugun hannuna, hankalinsa a kwance kamar ba a cikin ambaliya yake ba.

Inna Wuro ta sunkuya ta kama wutsiyarsa, tana yi masa magana da Fulatanci a hankali, yadda ake lallashin jariri. Ta ce da ni, "Hajiya, kama na kusa da ke, kada ki ja, ki bi shi kawai." Na kama. Wani makiyayi da ke iyo a gefe ya ɗaga murya ya yi kira, garken duka ya karkata. Haka dabbobin nan suka tafi da mu, mu da kayanmu da jaririyar da ko farkawa ba ta yi ba, har ƙasan kwale-kwalen ya gogi yashi. Shanun suka hau tudu, suka kaɗa jiki, suka kama kiwo. Ni kuwa na durƙusa a cikin taɓo. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya kawo su wurin a daidai wannan lokaci.

Na uku. Wani mekanisiye, wato makanike, a Bétérou ya tsiyayi man daga bidon da ba mu taɓa ba, ya zuba a farar kwalba. Muna kallo ya rabu biyu, lisansi a sama, ruwa mai laka a ƙasa. Ya ce injin sai an kwance shi. Kwalbar tana nan a ɗakina.

Na huɗu. Na kai wa manajanka kwalbar, bai ko karɓa ba. Ya ce su motoci suke sayar wa mai, ba ruwansu da abin da ya faru a kogi. Ina tsaye ina kallon murfin babban tankinku na ƙasa, yana cikin kwari, ruwan sama ya kwanta a kansa. A bakin titi kuma ga masu zem, wato 'yan acaɓa, suna tura baburansu da suka mutu.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A rufe famfon nan har a kwashe tankin a wanke, a ɗaga murfin daga kwarin. A sanar da waɗanda suka sayi man, don wani yana can da shi a bido bai sani ba. A gyara mini injina. Sannan ranar da za a mayar da shi ruwa da sabon manku, ina gayyatarka ka zo ka zauna kusa da ni mu ƙetare tare. Idan ka amince da abin da kake sayarwa, tafiyar ba ta da nisa.

Allah Ya tsare ka da zuri'arka, Ya sa albarka a kasuwancinka, Ya kiyaye hannunka daga alhakin ran da ba ka san ka ɗauka ba.

Wassalam.

Hajiya Rakiya mai wagashi,
Guéma, Parakou.