Saiwar da Ta Rage

Baban Nana,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, amma kai na saba fara gaya wa komai, kuma na kasa dainawa.

Na fita takaba ranar Juma'a. Nana ta koma makaranta. Sadik kuwa yana nan da halinsa, in yi masa Hausa ya amsa da Turanci. Gidan nan namu na Germantown, nan ƙasar Turawa, ya yi mini girma. Abinci ba ya shiga, rigunana duk sun yi mini yawa.

Ka tuna tsohuwar nan 'yar China, maƙwabciyarmu, wadda ta kawo mana saiwar ginseng, maganin gargajiyarsu, lokacin da maganin ciwon daji ya kwantar da kai? Ka tuna na jiƙa ta da jar kanwa kamar yadda muke yi a gida, tsohuwa ta riƙe kai kamar na yi kisa? Ita ta koya mini a yanka ta siriri-siriri, a dafa da kaza a tukunyar ƙasa, wuta kaɗan-kaɗan. Ba ta yi mana ƙarya ba. Tun farko ta ce ba za ta warkar da kai ba, a wurinsu wanda ƙarfinsa ya tafi ake ba. Sai da likitanka ya amince sannan ka sha, kana yamutsa fuska. Ko saiwar ce ko romon, Allah ne masani. Ni dai na ga ka sake yin salla a tsaye.

Akwai abin da kunya ta hana ni faɗa maka. Watannin jinyar nan da mutane ke tausaya mini, a cikinsu na fi samunka, babu aiki babu tafiya. Ina sonka, Baban Nana. Me ya hana ni faɗa tun kana ji?

Saiwa ɗaya ta rage, na naɗe ta a hularka na hana kowa taɓawa. In ta ƙare, me kuma zan dafa maka? Jiya tsohuwar ta kama wuyan hannuna, ta duba harshena, ta ce yanzu ni ce mara lafiyar gidan nan. Na ji haushinta ƙwarai, don gaskiya ta faɗa.

Yau na dafa saiwar. Sai da na zuba kwano biyu sannan na tuna. Na shanye nawa, na zauna ina kallon naka har ya huce, sannan na shanye shi ma, don yaran nan ba su da wata uwar.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu da alheri.

Matarka,
Maman Nana