Ba Hannun Malam Abdulkarim Ne Ya Kuskure Ba

Cikin alhini mai haɗe da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Maharban Baƙin Albarushi ta Harra ta Yamma, Madina, ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, Uban Ƙungiya kuma Babban Mai Horarwa, Alhaji Malam Abdulkarim Ɗan'inna, wanda Allah ya karɓi ransa ranar Talata, kwana huɗu bayan bindigarsa ta tsage a hannunsa a filin atisaye. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin, maƙeri ne haifaffen Sudan, ya tara mu shekaru talatin da shida da suka wuce da bindigogin toka guda uku da ya gyara da kansa, a lokacin da ake mana dariya ana cewa hayaƙi kawai muka iya. Da waɗannan bindigogi muka ɗauko kofin gasar yanki sau biyar. Dokarsa ɗaya ce, kuma babu wanda bai sha ta ba har ta gundure shi: baƙin albarushi kaɗai, a ma'aunin tagulla, ba ƙari. Ya taɓa korar ɗan cikinsa, Saif, shekara guda cur saboda ya ɗura da ƙiyasin ido.

Don haka muke Allah wadai da masu yawo da baki a unguwar Anbariyya suna cewa tsufa ne ya sa hannunsa ya zarce awo. Ƙarya ce, kuma shafa wa mamaci kashin kaji ne. Mun zazzage ƙahon albarushinsa a gaban shaidu, muka tarar an gauraya masa garin harsashin zamani, wanda ko sabon shiga ya san tsohon ƙarfe ba ya ɗaukarsa. Wani daga cikinmu ne ya zuba, don harbinmu ya fi na abokan gasa nisa. Mutum bakwai ne ke riƙe da mabuɗin ɗakin ajiya inda ƙahon ke kwana, kuma dukanmu bakwai mun tsaya a sahun jana'iza a maƙabartar Baƙi'a, har da mai wannan sa hannu.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Hajiya Surayya, da 'ya'yansa Saif da Sundus. Allah ya ba su juriya, ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Mun miƙa ƙahon ga hukuma, mun kuma janye daga gasar bana. Ba za a sake tayar da hayaƙi da sunan wannan ƙungiya ba sai wanda ya aikata ya je ƙofar Hajiya Surayya da ƙafarsa, ya gaya mata mijinta ya auna daidai. In bai je ba, tarihinmu ya ƙare ranar Talata.

Sa hannu:
Injiniya Hamid Muhammad Awwal
Kakakin Ƙungiya