Garkar Marayuna da Motarku Mai Tsoron Ruwa

Zuwa ga mai girma shugaban ofishin da ke taimakon tsofaffi kan sha'anin gado da wasiyya, a Madawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da ma'aikatanka, har da direban motar nan taku fara, wanda na san fuskarsa a rani kawai. Sunana Asumanu, manomin albasa daga wani ƙauye a ƙasar Tama. Da hannuna na rubuta wannan, da bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci, in ka ga harafi ya karkace ka yi wa tsufa uzuri. Na sa a karanta ta a fili ne domin ba ni kaɗai abin ya shafa ba.

Ga damuwata. Babban ɗana, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba kuma ba zai fara yau ba, Allah ya yi masa rasuwa ya bar matarsa, Habsu, da yara uku. Shi ya haƙa rijiyar garkata ta fadama, tun bayansa kuwa Habsu ke nomanta, da albasar nan take ciyar da yaran. Malamai sun gaya mini jikan da ubansa ya riga kakansa tafiya ba ya da rabo a gado matuƙar akwai baffanni. Ban ja da hukuncin Allah ba. Shi ya sa nake so in ba su garkar kyauta tun ina numfashi, a rubuta, a buga hatimi.

Na faɗi wannan kyauta gaban liman da dattawan gari. Sai dai shaidun nan duk tsarata ne, rige-rige muke yi, biyu sun riga sun wuce ni. 'Ya'yana kuma ba mugaye ba ne, amma na ga yadda ƙasar fadama ke sa mutumin kirki ya manta abin da ya ji da kunnensa. Na ga gemun maƙwabcina ya kama wuta, shi ne nake neman ruwan shafa wa nawa. To, ga abin da ya gudana tsakanina da ofishinku.

Na ɗaya. Shekara uku ke nan, cikin rani, motarku ta zo ranar kasuwa. Wata madam mai fara'a ta tara mu ƙarƙashin itace ta yi mana wa'azi cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Wallahi ta burge ni, ni na fara ba da suna. Sai ta ce dokar ofishinku ita ce dukan 'ya'yan mai kyauta su zauna wuri ɗaya, kowa ya dangwala yatsa, don kada wani ya tada magana daga baya. Doka ce mai kyau, ranka ya daɗe. Amma wanda ya tsara ta, ina jin bai taɓa kwana a ƙasarmu ta Adar cikin rani ba. A wannan lokaci, in ka cire tsofaffi da mata da awaki, wa ya rage a gari? Samari duk sun tafi biɗa, wato cin rani, kamar yadda muka yi a zamaninmu. Nawa uku ne: ɗaya Abija ta bakin teku, ɗaya Libiya, autan yana Legas. 'Yan'uwansu mata biyu sun zo daga gidajen aurensu da yatsunsu a shirye, aka ce a jira maza.

Na biyu. Ruwa ya sauka, maza suka dawo noma. Na aika muku, na sa aka kama zabi don tarbar baƙi. Amsa ta zo cewa ƙorama ta kawo, mota ba ta iya ƙetarewa. Wannan ƙorama dai ita matan garinmu ke ratsawa da ƙwaryar nono a ka. To, mota mai tsada ce, dole a lallaɓa ta. Zabin kuwa mu muka cinye, muka yi muku addu'a.

Na uku. Da na ga haka na ce mai nema shi ke tafiya. Bayan noma na biyu na kwashi gidana kaf, muka hau amalanke, muka ratsa ruwa, muka kama motar kasuwa har ƙofar ofishinku. Mai gadi ya tarbe mu hannu biyu, ya ba mu ruwan sanyi da benci, sannan ya shaida mana duk ma'aikata sun tafi bakansi, wato hutun shekara, sai ƙarshen damina. Allah ya yi wa mai gadin nan albarka, shi kaɗai ne ma'aikacinku da ya taɓa ganin 'ya'yana biyar a jere. Da yatsansa na da daraja da tuni an gama.

Kafin ku dawo hutu ku gyara mota, hatsi ya shiga rumbu. Ɗan Adar kuwa da ya ga an rufe rumbu, ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi, ko da igiya ba ka riƙe shi. Haka muke ta yi har yau kamar rana da wata, in kun fito sun shige.

Na huɗu. Bara, ranar da motarku ta zo, jikata ta haɗa mini su ukun a talho, wato waya, fuskokinsu tar, kowa ya ce ya yarda. Madam ta gaisa da su, har ta tambayi na Abija yaya sanyin teku, sannan ta ce talho ba ya da yatsa. Na yi dariya tare da kowa, amma da na koma gida raina ya ɓaci ƙwarai, don ranar na fara jin tsoron in mutu ban gama wannan abu ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ku karɓi yardar 'yan biɗa ta talho gaban liman da mai gari. In hakan bai yiwu ba, ku bar kowa ya dangwala nasa yatsan ranar da ya samu, ai takarda ba ta ruɓewa kamar albasa. In shi ma ya gagara, ku bar mutum ɗaya a ofis cikin damina, ya zo bakin ƙorama ya tsaya, ni zan turo amalanke da jaki mai hankali.

Ranka ya daɗe, ka san surukar Bahaushe ba ta yi masa magana kai tsaye. Makon jiya Habsu ta aiko uwargidana da tambaya: iyayenta sun ce ta tattara yara ta koma gida tun kafin a kore ta, to ta zuba irin albasa na bana, ko ta bari? Na aika mata ta zuba, garka ta 'ya'yanta ce, takarda na nan tafe. Ta zuba, har ya fara tsirowa. A kan maganata ta zauna, ni kuma a kan taku na yi alkawarin. Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba, kada ku sa in fara da furfurata.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya raya maka zuri'a, ya sa ka ga jikokinka a inuwar iyayensu.

Wassalam.

Naka, Asumanu mai albasa, ƙasar Tama.