Suna Mai Ƙarewa da Nun

Ya Shagufta, inuwar tsufana, mangwaron Multan a tsakiyar bazara, ruwan kogin Chenab ga maƙogwaron da ya bushe!

Yau kwana goma sha tara da kika tafi Faisalabad jiran haihuwar matar ɗanmu Irfan, kuma tun da likita ya ce namiji ne kika daina ɗaga wayata. A kan me? A kan harafi ɗaya, mace! Shekara talatin na koyar da Farisanci, har aka rufe sashenmu aka mai da ajina ma'ajiyar karyayyun kujeru, ban taɓa jin an ƙaurace wa miji saboda harafin nun ba sai a gidana.

Na sani, al'adar gidanku ce. Mahaifiyarki ta ce 'yan'uwan da ƙarshen sunansu ya zo ɗaya ba sa rabuwa. Kin tuna yammacin da muka zauna a gindin mangwaron babanki, kina da cikin fari, kina shan lassi, kindirmon nan mai sanyi, kina goge baki da gefen mayafi? Kika ce, "Farfesa Sahib, ma'ana taka ce, ƙarshe nawa ne." Na yi dariya na amince, don a ranar ko Tulu kika ce a sa wa yaron da na sa. Na ba ki Kamran, mai rabo, daga Farisanci. Na ba ki Irfan, sani, da Rizwan, yardar Allah, daga Larabci. Yau Kamran da Rizwan, ɗaya yana Dubai, ɗaya Toronto, ko gaisuwar Sallah ba sa yi wa juna. Ina amfanin nun ɗin?

Sau ɗaya tak na roƙi abu: a kira jikana Khurshid, wato rana, sunan mahaifina da ya sayar da baunarsa ta noma ya kai ni makaranta. Sai surukarki matar Irfan ta turo mini jerin sunaye ta waya, Ayan, Zayan, Azlan, kamar magungunan tari! Na yi tsaki, na faɗi abin da bai kamata ba. Ke kuma kika ce, "To ba kai za ka lasa masa zumar farko ba, tsoho. Jariri halin mai ba shi yake ɗauka, kada ya taso da ɗacinka."

Wannan ce ta kwantar da ni, hasken idona. Ba don ƙarya kika yi ba, sai don gaskiya ce. Shekara arba'in kina zuba sukari a shayina, kina sauraron ƙorafina a kan gwamnati da ɗalibai da gwiwata, ashe kin san abin da kike haɗiya?

Shi ke nan, kin yi nasara. Ku sa masa Arman. Farisanci ne, ma'anarsa burin da zuciya ta daɗe tana riƙo. Mahaifina zai yafe mini, ya san ki. Zumar kuwa ke ki ba shi da yatsanki, ya ɗauki taurin kanki da haƙurinki duka. Ni abin da nake roƙo kaɗan ne: ki bar ni in tsaya a bakin ƙofa in gani, sannan ki biyo ni gida.

Naki mai mita, yau da gobe, har ranar da za a ɗauke shi,
Mumtaz Husain