A Mayar wa Malam Haruna Makullin Rijiyar Kara

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Dashen Itatuwa na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da gajiyar aiki, da haƙuri da jama'a.

Ni ne Alhaji Bawa, dillalin shanu a karar Talata Mafara. Jam'iyyarmu ɗaya da kai, kuma ba yau na shige ta ba. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ce ɗan adawa ne ya rubuto.

Na farko, yabon gwani ya zama dole. Da aka ba ka kujerar nan, 'yan zuga sun so ka watsar da itatuwan da mutanen wancan ɓangaren suka dasa gabas da kara, don kawai ba mu muka fara ba. Ka ƙi. Ka ƙara dogon yaro da bagaruwa, ka gyara rijiyar ban ruwa, ka kai dashen har Bakura da Maradun. Mu da muke wuni cikin rana da dabbobi mun san darajar inuwa.

Na biyu, abin da na gani a Kanada. Ɗana Nura likitan dabbobi ne a yammacin ƙasar, a 'yan shekarun nan ya kai ni ziyara. Na tarar suna ta jayayya kan harajin da aka ɗora wa man fetur don rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ba zan ce waliyyai ba ne. Nura ya ce da yawansu sai sun ji bakin jam'iyya kafin su ɗaga kai su dubi sama, kamar dai mu.

Ya kai ni wurin wani dattijo mai garken shanu. Ko da ba na jin Turanci, da na ga yadda yake shafa wuyan bijimi, na san ɗan'uwana ne a sana'a. Shi ya tsani harajin nan, yana cewa mutanen birni ne suka ƙirƙiro shi don su karya makiyayi. Ɗiyarsa malamar makaranta ce, tana tare da masu goyon bayan harajin. A gabana suka yi musu muna cin abinci, har fuskarsa ta yi ja, Nura yana fassara mini, ni kuwa ina jiran a fasa kwano.

A wannan shekarar, fari ya kama su, hayaƙin gobarar daji ya rufe rana har ta koma ja kamar garwashi. Makiyayan yankin suka taru don zaɓen wanda zai kula da tafkin shayar da dabbobi da itatuwan tare iska. Aka ambaci ɗiyar nan. Wanda ya fara ɗaga hannu uban ne. Da Nura ya tsokane shi, sai ya ce ƙuri'arta dai ba ta da kyau, amma duk abin da ta dasa ba ya mutuwa. Wallahi, ranka ya daɗe, kai na tuna a wurin.

Na uku, kukana. Malam Haruna aminina ne na ciniki tun muna samari. 'Yan bindiga suka kore masa garke a Gidan Goga, ya iso Mafara da iyalinsa da kayan jikinsu, na sauke shi a gidana. Mutumin da ya saba kiwo ba ya iya zaman banza. Shi ya roƙa a ba shi ban ruwan itatuwan kara, ba albashi. Kowane icce ya yi masa shinge da ƙaya. Tun da aka raba shi da shanunsa ban ga ya yi dariya ba sai da itatuwan suka fara toho.

Bayan damina wasu matasan jam'iyyarmu suka gan shi a taron 'yan adawa. Suka zo kara ranar kasuwa, suka karɓe makullin rijiyar daga hannunsa, suka ce gwamnati ba ta aiki da maƙiyi. Na sa baki. A gaban surukina da fataken da nake ciniki da su, yaron da na halarci sunansa ya kira ni munafuki, wai Kanada ta juya mini kai. Malam Haruna ya kaɗe rigarsa ya tafi gida.

Yau makullin yana aljihun wanda bai taɓa ɗaukar bokiti ba. Shingen ya faɗi, awaki sun cinye ƙanana, manyan suna zubar da ganye. Malam Haruna ya daina bin hanyar, sai ya zagaya ta bayan mahauta don kada ya gani.

Na tabbata ba da saninka aka yi ba, don ba halinka ba ne. Saboda haka ina roƙonka ka sa a mayar masa da makullin kafin zafin bazara ya ƙarasa sauran. Ka ja kunnen matasan nan, ba don a hukunta su ba, don su san girman furfura. Kuma in za a naɗa masu kula da dashe a Bakura da Maradun, a duba aikin mutum, a bar ƙuri'arsa tsakaninsa da akwati. Zagin da aka yi mini na yafe. In kuwa ka samu sarari, ka zo da kanka ka miƙa masa makullin a kara, ranar kasuwa, inda aka karɓe shi.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka daga sharrin 'yan zuga, ya sa inuwar da ka dasa ta zame maka sadaka mai gudana. Allah ya ba Zamfara zaman lafiya da damina mai albarka.

Wassalam.

Naka mai ƙaunarka,
Alhaji Bawa Dillali,
Kara, Talata Mafara.